Akwatin da Gwaji Ya Ƙi Gyarawa

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Gwaji, kuma bangon na katako ne, don haka shekara goma sha tara ke nan duk abin da ya shiga kunnensa sai ya biyo ta nawa. Ni tela ne. Shi kuma hayar lasifika yake bayarwa, yana kuma gyaran kayan sauti. Idan za a yi taro, na makaranta ne ko na ƙungiya ko buɗe sabon kanti, shi ne ke riga kowa zuwa, ya hau tsani ya ɗaure lasifikoki a jikin turaku, ya ja waya ta ƙarƙashin kujeru, sannan ya tsaya gaban makirfo ya ce "gwaji, ɗaya, biyu, gwaji" ga kujerun da babu kowa a kansu. Daga nan sunan ya bi shi. Har matarsa, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, idan ya ba ta haushi da sunan take kiransa.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Muryarsa ba ta da daɗi, wannan ko shi bai taɓa musu a kai ba. Tana da kaushi kamar ana jan benci a kan siminti, idan kuma ya ɗaga ta sai ta tsage gida biyu. Tun yana saurayi yake son waƙa. Ya taɓa bin wata ƙungiyar mawaƙa har wata uku, suka gaya masa ya fi dacewa da ɗaukar kaya, to a wajen ɗaukar kayan ne ya koyi haɗa waya. Mawaƙa da yawa sun yi suna ta cikin lasifikarsa, shi yana tsugune bayan teburi yana murɗa maɓalli don kada muryarsu ta yi ƙara. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da dai na sani shi ne, idan yana aiki akwai wani gunji da yake yi a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, wanda shi kansa bai san yana yi ba.

Shagon nasa taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Lasifikoki sun hau juna har rufi, tsofaffin rediyoyin da masu su suka manta da su suna jere a kan kanta, ga gwangwanayen madara cike da kusoshi, ga fanka marar murfi da ta taɓa cin gefen hularsa. Wurin zama ɗaya ne, nasa. Baƙo a kan lasifika yake zama.

Wata Talata da hantsi wani mawaƙi da ake kira Mai Zobe ya shigo yana huci, ya dire wani baƙin akwati a kan teburin Gwaji. Irin akwatin nan ne da mawaƙa ke ce wa eko, wanda ke maimaita ƙarshen murya sau biyu ko uku sannan ta dushe. Mai Zobe ya ce akwatin ya kunyata shi a gaban jama'a: ya ce "barkanku da zuwa", akwatin ya kama maganar ya ƙi saki, ya yi ta yi wa mutane barka da zuwa har sai da aka zare wayarsa daga soket. Ya ce a gyara kafin Juma'a, ya fita.

Ina cikin yanka wani yadi na ji Gwaji ya yi gyaran murya. Sai na sake ji. Sai na sake ji, iri ɗaya sak, ba daɗi ba ragi. Da abin ya kai sau goma na ce ko wani abu ne ya maƙale masa, na leƙa da almakashi a hannu. Na same shi zaune, bakinsa a rufe, gyaran muryar kuwa na fitowa daga lasifika yana zagayawa. Ya ɗaga min hannu alamar kada in yi magana. Ya matso da makirfo ya yi gunjin nan nasa, gunjin ya shiga ya zauna a ƙarƙashin tarin. Ya kaɗa harshe sau biyu, shi ma ya shiga. Ya ja numfashi ta haƙora, ya saki wata siririyar murya daga hanci. Kafin minti biyar sai ka rantse mutum shida ne a shagon, kowa da abin da yake yi, kuma duk suna tafiya tare. Gwaji ya jiƙe da gumi.

Ranar Juma'a da Mai Zobe ya dawo, Gwaji bai yi masa ƙarya ba. Ya ce zai iya gyarawa amma ba zai gyara ba. Ya sauko da nasa ekon, sabo fil, wanda ko shekara bai yi ba, ya ce su yi musaya. Mai Zobe ya dube shi, ya dube ni, ya rungumi sabon ya fita da sauri kafin mutumin ya dawo hayyacinsa.

Tun daga ranar, da zarar la'asar ta yi, ciniki ya lafa, sai Gwaji ya tura ƙofa ya kunna akwatin. Abin ba sauƙi ne da shi ba. Akwatin daƙiƙa huɗu kawai yake riƙewa, kuma ba ya zaɓe: idan ka yi kuskure, kuskuren zai yi ta dawo maka duk bayan daƙiƙa huɗu, ba yadda za ka cire shi sai ka kashe komai ka faro daga farko. Babur ya wuce ya yi hon, ya shiga. Mai sayar da ruwa ya yi kira, ya shiga. Wata rana atishawata ce ta ɓata masa aikin rabin sa'a, ya buga bango ya ce in riƙa yin sallama kafin in yi. Na ƙirga masa wata rana, sau talatin da ɗaya ya kashe ya kunna.

Mutanen layi kowa da abin da ya ce. Mai walda ya ce kamar kwaɗi sun sami wutar lantarki. Mai kemis ya tambaye ni a asirce ko Gwaji yana samun barci. Malama kuwa, da ta biyo ta shagon daga makaranta ta tsaya ta saurara, cewa ta yi firjinsu ma yana yin irin wannan idan ya kusa lalacewa, kuma shi ba ya neman a tafa masa. Gwaji ya yi dariya ya ci gaba. Ni dai, tun ina toshe kunne har na wayi gari ina taka keke daidai da bugun abin ba tare da na sani ba.

Bayan kamar wata biyar aka yi taron shekara na ƙungiyar masu shagunan layinmu, a babban ɗakin taro na wata makaranta. Gwaji ne da kayan sauti, Mai Zobe ne zai yi waƙa. Ƙarfe uku ta yi, uku da rabi ta yi, babu Mai Zobe. Shugaba ya ce a sa wa mutane wani kiɗa su rage zaman jira. Na ga Gwaji ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo baƙin akwatin.

Minti goma sha biyu ya yi. A bayan teburi yake zaune, tulin kaya ya kare shi, babu mai ganin bakinsa. Kuma wallahi ya yi kyau, ya fi duk wanda na taɓa ji ta bango. Amma mutane hirarsu suka ci gaba da yi, wasu na duba agogo, wasu na fifita da takardar ajanda. Babu wanda ya san an fara wani abu. Can sai sakataren ƙungiya ya taso, ya sunkuyo daidai kan makirfo ya ce da shi, cikin ladabi, "Idan ka gama gwajin, shugaba zai yi jawabi."

Akwatin ya cafke. Lasifika huɗu suka shiga faɗa wa ɗakin "idan ka gama gwajin, idan ka gama gwajin", da muryar sakatare, a kan gunjin Gwaji. Ɗakin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Gwaji ya zare wayar, ya miƙa wa shugaba makirfo, ya zauna har aka tashi bai ɗaga kai ba.

A makon nan mutum biyu suka fasa hayar kayansa. Magana ta zagaya cewa kayan Gwaji sun lalace, wasu suka ce ba kayan ba ne, mai kayan ne. Maganar ta kai kunnen yayarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ce kuma ta ƙarasa rainonsa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Duk layin Yaya muke ce mata. Ita kaɗai ce ke kiransa Auta, da furfurarsa da komai. Ta zo da jakarta, ta zaunar da shi a kan lasifika, ita ta hau kujerarsa, ta ja fatar idonsa ta duba, ta sa shi ya faɗi ranar da ake ciki da sunayen 'ya'yansa a jere. Ya faɗa. Ta ce hankalinsa ƙalau, taurin kai ne kawai, kuma wannan tun yana rarrafe yake da shi. Sai dai ta lura da wani abu da mu da muke tare da shi kullum ba mu lura ba: duk lokacin da ta yi magana sai ya juyo mata da kunnen dama. Ta zagaya ta hagunsa ta kira shi a hankali. Bai waiwaya ba.

Washegari ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce kunnen hagu saura kaɗan ya tafi gaba ɗaya, na dama ma ya kama hanya, shekara talatin na tsayuwa a gindin lasifika ne suka taru. Ya ce idan ya kiyaye zai iya cin wasu shekaru da na daman, amma ba zai yi masa alkawarin nawa ba.

Da suka dawo, shagona ya shigo ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Na ɗauka zai ce ya haƙura da akwatin. Ya daɗe yana juya wani maɓallin riga a hannu, sannan ya ce, "Tela, shekara talatin ina sauraron muryar mutane. Ɗan jin da ya rage min, tawa zan saurara da shi."

Malama ba ta hana shi ba, amma ta kafa sharaɗi: duk wurin aikin da zai je sai da abin toshe kunne, kuma ita za ta riƙa duba aljihunsa. Sannan ta gaya masa abin da ni ban iya gaya masa ba. Ta ce laifinsa ne aka yi masa dariya. Ta ce ko 'yan aji ɗaya, idan ka rubuta abu a allo kafin su shigo, ba sa kallonsa. Sai sun ga hannunka yana rubutawa suke bi. Shi ya ɓuya a bayan teburi kamar ɓarawo, ta yaya mutane za su san daga bakin mutum abin ke fita? Kuma ta ce ya sa magana a ciki, ko kalma uku ce, don ɗan Adam yana son abin da zai riƙe. Gwaji ya yi kwana biyu yana fushi da ita, a rana ta uku ya fitar da teburin daga tsakiyar shago ya fara koyon yi a tsaye.

Tsayuwar ta kawo wata matsala. Hannu ɗaya na riƙe da makirfo, ɗayan ba ya kaiwa ga maɓallin da ke buɗe wa murya hanya zuwa cikin akwatin. Ina da wata tsohuwar fedar keken ɗinki na lantarki da injinta ya ƙone, tana ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Na miƙa masa ta saman bango. Ya farke ta, ya sauya mata waya, ya zama idan ya taka murya ta shiga, idan ya ɗaga ƙafa akwatin ya toshe kunnensa. Daga ranar hon ɗin babur ya daina shiga waƙa, ni ma na sami 'yancin yin atishawa. Saboda kunnen kuma, ya koyi cire takalmi ya ɗora ƙafar hagu a kan wata ƙaramar lasifika da ya kwantar a ƙasa, yana jin bugun ta tafin ƙafa. Ya ce ƙafa ba ta yi masa gardama kamar kunne.

Wata huɗu ya yi a haka kafin ya ce ya shirya. Wannan karon ba zai raɓa da taron kowa ba, nasa zai kira. Kafintan da ke ƙarshen layi ya ba shi rumfarsa ranar Asabar da yamma, da sharaɗin a mayar masa da katakai yadda aka same su. Gwaji ya yanki kwali ya rubuta da babban alƙalami, ya rataye a ƙofar shago: Murya da akwati. Asabar, ƙarfe huɗu, rumfar kafinta. Shiga kyauta. A ƙasa ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: Ba gwaji ba ne.

Ranar Alhamis da safe, don ya kyautata wa akwatin kafin ranar fita kunya, ya kwance murfinsa a karon farko tun da Mai Zobe ya kawo shi. Ya ga ƙura ta yi kauri a ciki, ya ɗauko abin hura iska ya hure ta tas, ya goge, ya mayar da murfi. Ya kunna, ya ce "a". Akwatin ya ce "a, a, a", ya yi shiru.

Ya sake gwadawa. Sau uku, shiru. Ya buga bango ya kira ni. Na same shi tsaye yana kallon akwatin kamar wanda aka aiko wa da labarin rasuwa.

"Ya warke," ya ce.

Ashe duk watannin nan bai taɓa neman sanin mene ne ya lalace a ciki ba, don tsoron kada ya taɓa ya gyaru. Yanzu ga shi ya gyara da hannunsa, saura kwana biyu. Na ce ko a ɗaga ranar. Ya ce kwalin ya riga ya faɗa, kuma mutanen da suka yi masa dariya sau ɗaya ba za su ba shi rana ta uku ba. Ya ce duk abin da ya fita daga akwatin yana cikin shagon nan, kada in taka ko'ina. Muka tsuguna mu biyu, manya da mu, muna tona ƙurar ƙasa da tsinken tsintsiya. Ni na same shi a gindin ƙafar teburi: wani busasshen kyankyaso, rabinsa a ƙone, ya zama kamar gawayi.

Gwaji ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan bawan Allah ne ya kwanta a kan ƙafafu biyu na wani abu a ciki, wuta ta ƙone shi, gawarsa ta zama gada, muryar da ya kamata ta fita sai ta riƙa komawa ciki. Ya sake buɗe akwatin, ya sa tabarau biyu a kan juna, ya bi allon cikin da tocila har ya ga wani ɗan tabo ruwan ƙasa. Ya gwada mayar da kyankyason wurin, ya marmashe a hannunsa. Ya haɗa wuraren biyu da waya, akwatin ya kurma wani ihu da ya sa mai walda ya leƙo da abin rufe fuskarsa a goshi. Waya ta cika buɗe hanya, kyankyaso kuwa kaɗan-kaɗan yake bari ta wuce. Sai ya zazzage gwangwanin 'yan ƙananan abubuwan nan masu zanen launi da ke rage ƙarfin wuta, ya shiga liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi yawa, murya ta kumbura ta zama ƙara. Wancan ya yi kaɗan, ta mutu a zagaye na bakwai. Ya rufe shago bai karɓi aikin kowa ba. Malama ta kawo masa abinci ya huce a kan lasifika. Ya ce shekara talatin yana gyara, bai san lalatawa ta fi wuya ba.

Juma'a wajen ƙarfe biyar na yamma ya daina neman wanda ya yi daidai da kyankyason. Ya ciro maɓallin ƙara murya daga ɗaya daga cikin tsofaffin rediyoyin kanta, ya huda gefen akwatin ya dasa shi a wurin. Ya murɗa a hankali yana cewa "a", har ya kai inda muryar ta tsaya ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Ya yi wa wurin alama da jan farcen Malama. Sai kuma ya gano ya sami abin da bai taɓa samu ba: idan ya murɗa baya kaɗan, tsofaffin muryoyi na dushewa sannu a hankali, su ba sababbi wuri. Yanzu waƙa na iya tafiya daga wani wuri zuwa wani, ba ta tsaya tana cika har ta toshe ba. Ya kunsa ragowar kyankyason a takarda ya ajiye a aljihun teburi, ya ce ba a yar da malami.

Kujera arba'in muka jera a rumfar kafinta, mutum ashirin da uku suka zo, da yawansu don su ga yadda za ta ƙare. Wurin na ƙanshin katako, ga garin zarto a ƙasa, ga ƙofofin da ba a gama ba jingine a bango. Sakatare ya zo, ya zauna can baya nesa da makirfo. Yaya ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Gwaji ya fito cikin rigar da na ɗinka masa, ya cire takalmi a gaban kowa, ya tsaya babu teburi babu komai. Ya ce musu duk abin da za su ji daga bakinsa zai fita, su kalli bakin, su kalli ƙafar.

Ya fara da numfashi. Ya taka, ya ja, ya saki, ya ɗaga ƙafa, ya rufe baki, numfashin ya ci gaba shi kaɗai. Wani ya yi 'yar dariya. Ya ɗora gunji, ya ɗora kaɗa harshe, ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu. Mutane suka daina motsi, idanu na kai da komo tsakanin bakinsa da lasifika. Wani dattijo ya tashi a minti na biyar, ya ce wa na kusa da shi wannan ba waƙa ba ce, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Gwaji ya bi shi da kallo bai tsaya ba. Ya murɗa maɓallin, bugun ya ja baya, ya rage gunji kawai. A kan gunjin ya sa maganar da ya zaɓa, wadda mahaifiyarsu ke tashinsu da ita kowace safiya suna yara: "Ku tashi, ruwa ya yi zafi." Ya rera ta da tsagaggiyar muryar nan tasa, ya ɗora wata a samanta, ya ɗora ta uku.

Sai Yaya ta miƙe. Na ce shi ke nan, za ta kama hannunsa su tafi gida. Ta tako har gabansa ta ce, "Auta, ba haka take faɗa ba. Kai kana ƙarami. Ba ta jan ƙarshen."

Gwaji ya murɗa maɓallin har nasa muryoyin suka kusa ɓacewa, ya miƙa mata makirfo. Ta riƙe shi nesa da baki kamar cokali mai zafi, ta faɗi maganar yadda ta san ta, da sauri, da ɗan faɗa-faɗa a ciki, irin na macen da ayyuka ke jiranta. Shi kuwa ƙafarsa na kan feda.

Muryar ta dawo. Yaya ta buɗe baki za ta ƙara gyara, sai ta tsaya. Ta saurara ta dawo sau biyu, sau uku. Daga baya ta gaya wa Malama cewa ita ba ta taɓa sanin muryarta ta koma ta mahaifiyarsu ba, sai ranar. Ta laluba bayanta, kafinta ya turo mata kujera, ta zauna a nan gefensa, jakarta a ƙasa. Gwaji ya karɓi makirfo ya shiga amsa wa muryar, ƙasa-ƙasa, kamar yaro mai roƙon a bar shi ya ƙara barci. Sun yi kusan minti shida a haka, sannan ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har rumfar ta yi tsit, ana jin motocin titi.

Ba kowa ya tafa ba. Mai walda ya ce kansa ya yi ciwo amma bai san lokacin da ya manta da sigarin da ke hannunsa ba. Sakatare ya zo ya ba shi hannu, ya buɗe baki, ya kalli makirfo, ya fasa. Malama ta ce tsakiyar ta yi tsawo, ya rage. Yaya ta ɗauki jakarta, ta ce masa ya sa takalmi kada ƙusa ta soke shi, kuma idan zai sake yi ya aiko a gaya mata da wuri. Muka mayar wa kafinta katakansa.

Yau shekara biyu ke nan yana yi, Asabar ta farkon kowane wata. Wani lokaci mutum hamsin, wani lokaci tara. Ran da aka yi ruwa mu huɗu ne, ya yi mana cikakkiyar sa'a, ya sa ƙarar kwanon rufi a ciki. Masu hayar da suka gudu sun dawo, don har yanzu babu mai ɗaure lasifika kamarsa a yankin. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na daman yana nan, Malama na duba aljihu. Makaɗin gangar Mai Zobe ya fara zuwa a ɓoye yana zama a baya, ran nan har ya tambaya ko akwatin zai karɓi ganga. Gwaji ya ce zai karɓa, amma sai ya koyi yin shiru tukuna.

Makon jiya wata malamar kwaleji da ta ga hoton bidiyonsa a wayar ɗalibarta ta aiko tana gayyatarsa ya je ya yi a wurinsu, tafiyar sa'a shida a mota. Bai taɓa yin nisa haka da akwatin ba. Ya shigo shagona da shi a rungume ya ce in ɗinka masa jaka mai soso a ciki, da zif mai ƙarfi, da madauri biyu don ya goya a baya, da aljihun feda a gefe. Na ɗauko tef na auna tsawo da faɗi, na rubuta a jikin bango. Ya dubi abin da na rubuta ya ce in ninka faɗin.

Na ce akwatin ai ɗaya ne. Ya ce akwai wani eko a kasuwar 'yan gwangwan, ya gan shi jiya, lafiyarsa ƙalau, gobe da safe zai je ya ɗauko ya lalata shi.